Ƙafar Dattijo Tana Yoyo

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya idon? Yaya ya aiko mana cewa an cire yanar idon dama lafiya, saura na hagu. Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Yaya da iyalinsa, na gode musu da ɗawainiya. Na san Inna ce za ta karanta maka wannan takarda, don haka Inna, sannu da aiki, ki matsa ta kunnen hagu, shi ne mai ɗan saura.

Sau uku na kira ka a waya. Sau ukun ina tsaye a bakin ruwa ina ihu har masu wanki suka daina wanki suna saurare, kai kuwa kana ta tambaya wa ke magana. Shekara arba'in kana kifa kai a kan injin jirgi, dole kunne ya gaji. Shi ya sa na koma takarda. Direban motar kifi ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa.

Yau kwana goma sha tara ina tuƙa jirginka ni kaɗai, sawu huɗu a rana, ban fasa ko ɗaya ba. Malamar asibitin da ke ƙetarewa kullum ta ce na fi ka iya tsayawa a gaci, wai kai kana tsayawa kamar kana jin haushin ƙasa. Akwai wani tsoho da ya rantse ranar farko ba zai shiga jirgin da mace ke tuƙi ba. Ya zauna a kan buhunsa awa biyu, rana ta gasa shi, ya lallaɓo ya shiga. Yanzu shi ke kama min igiya.

Wannan shi ne mai daɗin. Ga wanda ya sa na rubuto.

Injin nan naka da kake kira Dattijo, ƙafarsa, wato ɓangaren da ke nutsewa cikin ruwa, tana yoyo. Shekaranjiya da safe na sauke shi cikin ruwa, sai na ga mai ya shimfiɗu a kan ruwan yana launi-launi. Da yamma na ɗaga shi na duba, na tarar da wani baƙin abu yana ɗiga can ƙasa wajen farfela. Na goge, washegari ya dawo. Inji yana tashi, yana ja, amma tsoro nake ji duk lokacin da na kai tsakiyar ruwa da mutum ashirin a bayana.

Mai Ƙanƙara, wanda ya daɗe yana zawarcin jirgin nan, ban san wa ya kai masa labari ba. Ya zo ya tsuguna, ya dangwali man da yatsa, ya girgiza kai kamar ya zo ta'aziyya. Wai giyar injin ce ta tafi, gara a sallama masa jirgin tun inji yana numfashi.

Ban manta da abin da ka ce ranar da za ku tafi ba. Ka ce idan ka dawo ka tarar da Dattijo lafiya, jirgi ya zama nawa. Idan kuma ya lalace a hannuna, za ka ba Mai Ƙanƙara ka huta. Baba, ina son jirgin nan. Tun ina 'yar shekara tara nake cikinsa. Na iya tuƙi, na iya wanke fulogi, amma ka san ba ka taɓa bari na kwance ƙafar ba. Iyakata in riƙe maka tocila kana cewa na haska ba daidai ba. Ka gaya min abin da zan duba, kuma don Allah ka gaya min gaskiya.

Maigidana Tela yana gaishe ka. Kullum da la'asar yakan rufe shago ya je gidan mai ya ciko min jarka a kan babur, bai taɓa fashi ba.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ido da sauƙi, sai dai an ɗaure shi, ɗayan kuma hazo kawai yake gani. Ni ke faɗa, uwarki ke rubutawa. Idan kin ga maganar da ba ta yi kama da tawa ba, kin san mai ita.

Ki daina sauraron Mai Ƙanƙara. Mutumin da bai san inda ake zuba wa inji fetur ba shi ne zai gaya miki giya ta tafi? Ya je ya ji da ƙanƙararsa. Amma maganata tana nan yadda na faɗa. Idan giya ta ci kanta, ba mu da ƙarfin sabuwar ƙafa, kuma ba zan bar ki ki ɗauki rayukan mutane a kan injin da zai tsaya a tsakiyar ruwa ba.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ki tsallake ko ɗaya.

Ki fito da shi ki rataya a kan katakon nan na rumfa, a miƙe, kada ya karkace. Ki wanke ƙafar da sabulu ta bushe, ki shimfiɗa farin kwali a ƙasa ya kwana. Da safe ki duba daga ina ɗigon ya taso, ki bi shi da ido har tushensa. Inda mai ya sauka daban, inda ya fito daban.

A jikin ƙafar akwai noti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ki fara buɗe na sama, ki tsoma tsinke ki ga ko man giya ya ragu. Ki mayar. Sannan ki sassauta na ƙasa kaɗan, ki tara a farin faranti. Idan ya fito garau kamar zuma, alhamdu lillahi. Idan ya yi fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, roba ta mutu. Ki shafa bakin notin a yatsa. Idan kin ji garin ƙarfe yana cizo, ki rufe kawai ki rubuto min. Kowane noti yana da ɗan zobensa, kada ki bari ya faɗa cikin yashi, ba za ki sake ganinsa ba.

Ki cire farfela ki duba bayanta. Zaren masunta yakan naɗe a wurin ya yanke robar da ke tare mai. Sau ɗari na ga haka.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, ki juye man giyar a kwano mai tsabta. A akwatina akwai famfon keke da na haɗa wa agogon awon iska da tiyo. Ki ɗaura a ramin ƙasa, ki hura har allura ta kai jan zanen da na yi, kada ki wuce. Ki shafa kumfar sabulu ko'ina ki zauna ki zuba ido. Wajen mayar da mai, ta ƙasa ake ɗurawa har ya ɓullo ta sama. Ta ƙasa na ce.

Sai abu biyu. Yana hayaƙi fiye da da? Kuma ki dangwali baƙin abin da tsumma mai tsabta, ki ƙulle a leda ki aiko min. Ido ya tafi hutu, kunne ya yi ritaya, amma hanci yana bakin aiki.

Baƙin man da na ce ki riƙa haɗawa da fetur, kwalba ɗaya a jarka, ina fata kina tunawa wani lokaci. Ki gaida Tela, ki ce masa ina nan ina tuna maganarmu.

Mahaifinki

Auta, ni ce Inna. Wannan ƙasan takardar nawa ne, bai san da shi ba. Kada ki tsorata da muryarsa. Da na karanta masa zancen malamar asibiti sai da ya sa na maimaita sau biyu, yana ta ƙunƙuni wai ƙarya ce, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Jiya kuma ya ɗora hannu a kan injin wutar maƙwabcin Yayanku ya ce wa mai shi kwana uku ya rage wa injin. Mutumin bai ji daɗi ba. Ki ci abinci. Kuma idan kin shiga ɗakina ki duba min kwalabena biyu masu faɗin baki da ke kan taga, na neme su ranar tafiya ban gani ba.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna da mutanen gida. Takardarka ta iso, na karanta ta har ta yi laushi. Na ajiye aiki yini guda, fasinjoji suka bi jirgin maƙwabta suna ta mita wai yana jiƙa musu kaya.

Baba, na kwance ƙafar Dattijo da hannuna, kuma babu wanda ya riƙe min tocila! Ga abin da na gani.

Na sama ya nuna mai cike, tsinke ya fito a jiƙe. Na ƙasa ya kawo mai garau, har na ɗaga farantin a rana na ga zanen gindinsa. Babu fari, babu garin ƙarfe, sai ɗan baƙi-baƙi mai laushi kamar kwalli. Amma wari, Baba! Ba ka gaya min man giya warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi ba. Tela ya zo kawo min abinci ya tsaya daga nesa ya miƙo da sanda. Zobe ɗaya ya so ya gudu, na cafke shi a kan zanena.

Na cire farfela. Zare ɗan guntu ne na samu, bai kai tsawon yatsa ba, kuma bai taɓa roba ba. Na ɗaura famfonka na hura zuwa jan zane, na shafe ƙafar da kumfa, na zauna a gabanta ina kallo har ƙafata ta yi sanyi. Allura ba ta motsa ba. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta tashi ba. Na ɗura mai ta ƙasa har ya ɓullo ta sama, kamar yadda ka faɗa sau biyu.

Na so in yi guɗa, amma da safe kwali ya sake ɓaci. Na bi ɗigon da ido. Daga cikin tsakiyar farfela yake fitowa, ta ramin da hayaƙi ke bi. Baƙi ne ƙirin, yana da danƙo, kuma bai yi kama da abin da na tara a faranti ba ko kaɗan. Ga shi nan a leda, na ƙulle sau uku saboda direba.

Hayaƙi kuwa, na ji tsoron faɗa maka ne a takardar farko. Yana yi, sosai. Masu zama a baya da mayafi suke toshe hanci, tsohon nan mai kama igiya ya ce tun da na fara tuƙi sauro ya ƙaura daga gaci. Fulogi ma kwana biyu-biyu nake wanke shi. A satin nan abin ya ƙaru.

Zancen kwalba, ban ji daɗin yadda ka ce wani lokaci ba. Kullum ne. Kowace safiya kafin in ɗaura tiyo nakan zuba kwalba ɗaya daidai zanen da ka yi, in girgiza jarka. Ko rana ɗaya ban tsallake ba. Inna, ashe kwalbar taki ce, Baba ne ya ba ni. Ɗayar ban gan ta ba.

Mai Ƙanƙara yanzu kullum yana nan. Jiya har da awon jirgin da taku, wai yana lissafin inda zai sa akwatunansa. Na yi dariya a gabansa, amma da na koma gida abinci ya ƙi shiga. Idan giya lafiya take, me ke zubar da man? Ko wani abu ne can cikin inji da ya fi giya muni?

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Baba, shi kaɗai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ban-girma, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna. Allah ya ba ku lafiya, ya mayar muku da ganinku fiye da da. Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto muku, alhali ban taɓa yi ba. Na ba direba wannan a ɓoye.

Baba, mai ɗakina ba ta cin abinci. Tana dariya a bakin ruwa, amma idan ta dawo sai ta zauna tana kallon hannunta. Ni shaida ne ba ta yi wa injin nan sakaci ba. Har magana take yi masa. Idan akwai laifi, ina roƙon ku ɗora shi a kaina, don ina zargin daga hannuna ne.

Amanar da kuka ba ni a bayan rumfa ranar da za ku tafi, na riƙe ta. Kun ba ni kwalba kuka ce duk jarkar da na ciko in zuba mata baƙin mai kwalba ɗaya kafin in kai gida, kuma kada in gaya mata don kada ranta ya ɓaci. Na tambaye ku, to idan ita ma ta zuba fa? Kuka ce ba za ta tuna ba, kun san 'yarku. Tun daga ranar, kowace la'asar nakan tsaya a shago in sakaya ƙofa in zuba. Kwalbar tana cikin akwatin maɓallai.

Ga inda nake jin na yi kuskure. Zanen da kuka yi a jikin kwalbar ya ɗan goge, wataƙila ina zubawa ƙasa da yadda ya kamata, inji ya ji ƙishi ya lalace. Da na ga ya fara zubar da mai, sai na yi tunani irin na sana'ata. Keken ɗinki idan ya zubar da mai, ƙara masa ake yi. Saboda haka tun satin jiya nake ƙara rabin kwalba, don ya mayar da abin da yake rasawa. Amma abin bai tsaya ba. Ku ba ni umarni, in mayar da shi kwalba biyu?

Ina roƙon ku kada ku ba Mai Ƙanƙara jirgin nan. Ni ban san komai a kan ruwa ba, ko gaci na tsaya jiri nake ji. Amma na san fuskar matata idan ta juyo da jirgi da yamma, kuma ba na so in rasa ganin wannan fuskar.

Na ɗinka muku hula mai faɗin baki saboda rana idan an kwance ido. Tana nan tana jiran ku. A taya ni ɓoye wannan takarda.

Surukinku mai biyayya,
Tela

*

Zuwa ga Auta da mijinta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an yi aikin ido na biyu ranar Litinin, likita ya ce ya yi kyau. Wannan takarda tawa ce ni Inna. Babanku ya ce ba shi da abin faɗa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da na san shi. Ku zauna tare ku karanta.

Direba ya kawo ambulan biyu. Na fara da taki, Auta. Ina kwance ledar matar Yayanku ta fito daga kicin tana tambaya me ya ƙone. Babanku ya karɓi tsumman ya kai hanci, ya ja numfashi kamar an ba shi turare. Sai ya buga cinya.

"Wannan ba man giya ba ne! Fetur ne da baƙin man da bai ƙone ba, ta hanyar hayaƙi yake gangarowa. Ƙafa lafiya lau take. Mai ne ya yi wa inji yawa, ya sha ya ƙoshi yana amayar da saura."

Na ce to alhamdu lillahi. Na ci gaba da karatu, yana ta gyaɗa kai yana cewa ta yi daidai, nan ma ta yi daidai. Da na zo inda kika ce kowace safiya kina zuba kwalba ɗaya, sai kan ya tsaya.

"Kullum ta ce?"

Na ce kullum.

"Duba da kyau, ko dai wani lokaci ta rubuta."

Na ce ni idona ba a ɗaure yake ba.

Sai na ɗauko ambulan ta biyu. Tela, ɗana, ka yi haƙuri. Ka rubuta Baba shi kaɗai, amma ka manta Baba shi kaɗai ba shi da ido a yanzu, kuma kunnensa sai da ihu. Sirrinka na tsaya na kwarara shi a tsakar gida. Yayanku ya ji, matarsa ta ji, mai injin wuta ya ji ta kan katanga. Da na kai wajen ko a mayar da shi kwalba biyu, Yayanku sai da ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki don dariya.

Auta, ga abin da ke cikin takardar mijinki. Babanku ya ba ki kwalba ɗaya, ya zagaya bayan rumfa ya ba mijinki ɗayar, ya ce ya riƙa zubawa a ɓoye. Mijinki yana zubawa da la'asar, ke kina zubawa da safe. Kwanan nan ma ya ƙara rabi don tausayi. Kwalabena ke nan guda biyu.

Na juya na ce masa, "Malam, me ya kai ka?"

Ya ce, "Shekara arba'in ina aiken mutum biyu aiki ɗaya, don na san ɗaya zai manta. Ban taɓa ganin ranar da duka biyun suka tuna ba."

Gaskiya ya faɗa, halinsa ne. Haka ya yi da duk masu koyon aikin da suka zauna a rumfarsa. Ko ranar da zan haife ki mutum biyu ya aika kiran ungozoma, kowa ya bi hanyarsa. Bai taɓa zama ya yi tunanin abin da zai faru idan Allah ya haɗa shi da masu riƙon amana har biyu a gida ɗaya ba.

Akwai wata magana da na so in ɓoye miki, amma ɓoye-ɓoyen ne ya kawo mu nan. Mijinki ya tambaye shi idan ke ma kin zuba fa. Ya ce ba za ki tuna ba, ya san 'yarsa. Na karanta masa wannan wurin da ƙarfi fiye da sauran, da gangan. Ya yi ta juya tsumman a hannu har aka kira shi cin abinci, ya ce ya ƙoshi.

Daga baya ya ce in rubuta muku gyaran. Jarkar da aka riga aka haɗa a raba ta biyu, a cika kowace da zallan fetur. A wanke fulogi. A fita da jirgi babu kaya a ba shi wuta sosai na rabin awa, ya ƙone abin da ya taru. Ɗigon zai ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya ƙafe. Na ce sai me kuma? Ya ce shi ke nan. Na ce ka tabbata shi ke nan? Ya juya fuska bango.

Auta, kada ki yi wa mijinki faɗa. Mutumin da ke jin jiri a gaci ya yi wata guda yana ɗawainiya da inji saboda ke. Tela, Allah ya yi maka albarka, amma ka tsaya a keken ɗinki.

Mahaifiyarku,
Inna

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina murna da aikin ido na biyu. Inna, na gode. Wannan karon ma ki karanta da ƙarfi.

A shagon Tela muka buɗe takardar. Yana kan ɗinkin wata riga, ina karantawa yana taka keke a hankali, a hankali, har ya tsaya. Daga baya muka ga ya haɗe hannun rigar da wuyanta.

Ban yi masa faɗa ba. Fita na yi na tafi bakin ruwa na zauna a cikin jirgi. Baba, na ji zafi. Sati uku ina zargin kaina, ina tunanin na kashe maka inji, ashe tun kafin ka hau mota ka gama yanke cewa zan manta. Shekara nawa ina ganin ka kana awon man nan? Har yadda kake karkata kwalba ka lashe yatsa na sani. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ina nan zaune sai ga Tela. Ya taho riƙe da kwalbar da hannu biyu kamar mai kawo shaida gaban alƙali, ya tako har kan katakon gaci, wurin da bai taɓa takawa ba. Ya tsaya ya ce, "Ga ta. Rabin da na ƙara, wallahi da kyakkyawar niyya ne." Na dube shi, na dubi kwalbar, dariya ta ƙwace min. Muka yi ta yi har masu wanki suka taso suna tambaya, na ba su labari, su ma suka kama. Yanzu duk bakin ruwa Injiniya suke kiransa.

Na raba jarka, na wanke fulogi, na fita babu kaya na ba Dattijo wuta. Da farko ya turnuƙe ruwan da hayaƙi har ban ga gaci ba. Can sai muryarsa ta washe, ya miƙe yana gudu kamar an cire masa shekara goma. Tela yana ciki. Shi ya ce zai bi ni. Ya rungume benci idonsa a rufe yana salati, amma bai ce in rage ba.

Rana ta farko kwali ya samu ɗigo biyar. Ta biyu, ɗaya. Ta uku ga shi nan cikin ambulan, ka duba da sabon idonka. Mai Ƙanƙara ya zo ya tsuguna ya leƙa, ya shafa, bai samu abin dangwala ba. Jiya a jirgina ya ƙetare da akwatunansa, a layin fasinja. Sauro ma sun dawo, tsoho yana gaishe ka.

Dattijo lafiya yake, sharaɗinka ya cika. Amma ba na so in karɓi jirgi don kwali ya bushe kawai. Kwalba biyu suna gabana a kan taga. Ka gaya min wa zai riƙa zuba mai, kuma ka gaya min ko akwai wani na uku da ka sa ya duba bayana, in san shi tun yanzu.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. An kwance ido. Da hannuna nake rubutu, shi ya sa baƙaƙen suka yi girma.

Kwalinki na fara dubawa. Na juya shi gaba da baya, na shinshina. Fari ne tas. Aikin da kika yi a ƙafar nan, ni ma haka zan yi shi.

Na ce na san 'yata. Ban sani ba. Ki yafe min.

Jirgi naki ne. Ke za ki zuba mai. Ɗaya kwalbar ki mayar wa uwarki, ta dame ni. Babu na uku. Ki gaida Injiniya, ki ce ya kawo hulata.

Ranar Laraba motar kifi za ta sauke mu a wancan gaci da hantsi. Ki zo ki ɗauke mu, zan zauna a gaba wajen fasinja. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Mahaifinki